Baƙon Mahautan Garuwa

Ni dai ban taɓa neman zuwa Kamaru ba. Ina ƙaramin ma'aikacin gandun daji a Gaya, can bakin iyakar Nijar, aikina in hana mutane sare giginya da ɗana wa barewa tarko, sai wata rana shugabanmu ya kira ni ya ce an buɗe makaranta a Garuwa ta koyon kula da namun daji, kuma duk ƙasashen da ke aiki da Faransanci za su aika da mutanensu. Ya ce manyan ƙungiyoyin duniya biyu ne suka haɗa hannu da gwamnatin Kamaru. Ita gwamnati ta ba da fili da gini. Ƙungiya ɗaya ta kawo malamai da littattafai da motoci, ɗayar kuma ta ɗauki nauyin ɗalibai, tun daga jirgin da zai kai su har ci da sha da wurin kwana. Ya ce ni aka zaɓa.

Aka yi ta jiran tikitin jirgi, shiru. Damina ta yi nisa, ranar buɗe makaranta ta matso. Da na ga wuri zai ƙure mini, sai na ce zan bi ta ƙasa, ta cikin Najeriya, ai hanya ce mutane ke bi kullum. Lokacin ina saurayi, ina ganin babu abin da zai gagare ni.

Har Kano ban ga komai ba sai gajiya. A Maiduguri aka cuce ni.

Na sauka a tasha da hantsi, ina riƙe da akwatina na ƙarfe, ina tambayar motar da za ta kai ni bakin iyaka. Sai wani mutum mai farar riga tas ya juyo ya dube ni, fuskarsa cike da fara'a.

"Kai, wannan harshe ai na mutanen Dogon Dutsi ne! Daga gida kake?"

Na ce daga gida nake. Ya rungume ni kamar ya ga ƙaninsa. Ya ce shi mutumin Maraɗi ne, ya daɗe a nan yana fatauci. Ya kai ni wurin mai shayi, ya saya mini shayi da burodi, ya tambaye ni labarin damina a can, har ya ambaci sunayen garuruwanmu ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai taɓa baƙunta ba, ba zai san daɗin da mutum ke ji in aka kira sunan garinsu a ƙasar da ba a san shi ba. Na kwashe labarina duka na gaya masa.

Ya samo mini wata babbar mota mai kai gishiri da kananzir kasuwar Kolofata. Da hannunsa ya ɗora akwatina a sama. Da aka kira azahar ya ce, "Je ka yi salla, ɗan'uwa, ina nan ina duba maka. Ba za su tashi yanzu ba."

Na dawo na tarar da mota, ban tarar da akwati ba. Na tambayi direba. Ya ce, "Ai yayanka ya sauke, ya ce kun fasa tafiya."

Na zaga tashar nan har na gaji. Cikin akwatin akwai tufafina, da takalman aiki, da takardar da makaranta ta aiko ta gayyata. Abin da ya rage mini sai rigar jikina, da agogon hannuna, da katin shaida, da ɗan guzurin da mahaifiyata ta ɗinke mini a cikin ɗamara. Direban ya dube ni ya girgiza kai, ya ce, "Hau dai. Tsayuwa a nan ba za ta dawo maka da shi ba." Na hau kan buhunan gishiri, na juya fuskata don kada sauran fasinjoji su ga idona.

Daga Bama hanya ta zama taɓo. Mu tura mota, mu hau, ta sake kafewa, mu sauka. Ruwa ya yi ta dukanmu, ba ni da abin canzawa. Kafin mu tsallaka iyaka jikina ya fara rawa. Da muka shiga Kolofata ranar kasuwa ce, na sauka na nufi gindin wata tsamiya in ɗan huta. Abin da na iya tunawa ke nan.

Da na buɗe ido sai na ga wani baƙin mutum siriri ya durƙusa a kaina, da ɗan gicciye na itace a wuyansa. Ya taɓa goshina ya janye hannu.

"Jiki naka wuta," in ji shi. "Kai mutum ina?"

Na ce, "Nijar."

"Nijar! Nisa, nisa. Ɗan'uwa naka akwai nan?"

Na ce babu. Ya juya ya yi wa wata mata magana da wani yare, ta bar waken da take aunawa ta zo ta dube ni. Ba su yi wata doguwar shawara ba. Suka ɗora ni a kan jakin da suka kawo kaya da shi.

Sunansa Bulus, matar kuma Marta. Manoma ne daga mutanen dutse, gidansu na gindin wani tsauni, 'yan ɗakuna zagayayyu masu tsinin jinka. Ya koyi Hausarsa ne a ƙodagon noma cikin Najeriya, ita kuwa Marta iyakar Hausarta lissafin mudu da gaisuwa. Suka kwantar da ni a ɗakin da suke ajiye gyaɗa. Washegari Bulus ya taka har wani ɗan asibitin mishan ya karɓo mini kinin, maganin zazzaɓi.

Abin da ba na mantawa shi ne kazar. Da na fara samun sauƙi, Marta ta kama kaza za ta yi mini romo. Bulus ya hana ta yankawa. Ya saƙale kazar a hammata ya yi tafiya mai nisa zuwa gidan wani Babarbare, ya ce ya yanka masa. Ya dawo yana haki ya ce mini, "Musulmi ya yanka. Ka ci, ba tsoro." Ita kuma Marta ta fito da sabuwar tukunya da ba a taɓa ɗora ta a wuta ba, ta nuna mini cikinta tukuna kafin ta zuba ruwa. Ni ban tambaye su ko ɗaya ba. A halin da nake ciki, ko a me aka dafa zan sha.

In lokacin salla ya yi, Bulus kan leƙo ya ce, "Malam, rana ya kai," ya ajiye mini ruwa a ƙwarya, ya nuna mini gabas da haɓarsa. Ran Lahadi na ji su suna waƙoƙinsu a ƙarƙashin bishiya, muryar Marta ta fi ta kowa tashi. Na kwanta ina ji, ina tuna mahaifiyata in tana daka.

Na yi makonni a gidansu. Ranar da zan tafi na kwance agogon hannuna na miƙa masa, don shi kaɗai ne abin kirki da ya rage mini. Ya jujjuya shi, ya kara a kunne, ya yi dariya, ya mayar mini.

"Ni ina duba rana. Kai ɗan makaranta, kai ka riƙe."

Marta ta ƙulla mini soyayyar gyaɗa a tsumma. Bulus ya raka ni har bakin hanyar Mora, bai tafi ba sai da ya ga na hau mota.

Daga Mora zuwa Marwa, daga Marwa zuwa Garuwa, abin da ya fi yawa shi ne shingen jandarma. A zamanin nan ba a wasa da takarda a Kamaru. A wani shinge wani jandarma ɗan kudu ya riƙe katina, ya ce me ya kawo mutumin Nijar nan. Na gaya masa da Faransanci. Ya kira abokinsa yana dariya, ya ce, "Zo ka ga wanda zai je makarantar giwaye ba ko jaka!" Suka yi dariyarsu suka ƙoshi, sannan ya miƙo mini katin ya ce in gaishe da giwayen. Wani dillalin shanu da muke zaune tare a bayan mota, wanda ya ji duk abin da ya faru, ya matso ya ce mini, "In abin ya ƙi, ka shiga babbar kasuwa ka nemi rumfar mahauta. Ka ce Garba Bakatsine kake nema."

Garuwa ta tare ni da zafi irin wanda ko a ƙasarmu ban sani ba. Gari ne da ake ta gini a lokacin, don shugaban ƙasa ɗan garin ne. Ga sababbin tituna, ga manyan motocin auduga, ga kogin Binuwai ya cika ya batse. Kowa Fillanci yake yi, har 'yan kudu. Na tambayi hanya, na taka har makarantar, can bayan gari.

Aka kai ni wurin babban malami, wani dogon Bature ɗan ƙasar Holan, wanda Faransancinsa bai fi nawa kyau ba. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya dubi rigata, ya dubi silifas ɗin da ke ƙafata. Sannan ya cire tabarau ya murza ido.

Ya ce ya yarda da ni, sunana ma ya san shi. Amma an daɗe da fara karatu, kuma da ba a gan ni ba an sanar da ofishin ƙungiyar da ke kula da ɗalibai, can Yawunde, an rufe gurbina. Ya ce shi ma'aikacin ɗaya ƙungiyar ne, ta koyarwa. Allo da alli da mota suna hannunsa, amma gado da kwanon abinci ba nasa ba ne, ba shi da ikon ba ni. Shugaban makarantar, wani mutumin Kamaru mai sanyin magana, shi ma ya ce hannunsa a ɗaure yake sai an ba da izini daga can. Suka ce za su buga waya Yawunde, in jira.

Na ce, "In jira a ina?"

Suka dubi juna. Na fito. Ɗalibai suna zaune a inuwar dogon yaro cikin kakinsu, suna kallona. Na wuce su kaina a sunkuye.

Rumfar mahauta ba ta da wuyar samu, ƙudaje da ƙarar gatari za su kai ka. Na ce Garba Bakatsine. Aka nuna mini wani gajeren dattijo mai tumbi, da ɗan yatsa ɗaya guntu, yana sara ƙashi yana faɗa da wata mai saye da Fillanci. Na yi sallama na durƙusa, na fara jero bayani tun daga Gaya. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ka ci abinci?"

Na ce a'a.

"To, me ya sa kake mini dogon labari da yunwa? Kai, ku ba shi tsire! Labari sai an ƙoshi."

Shi Baba Garba ko Katsina bai taɓa gani ba. Kakansa ne ya biyo shanu ya zauna, sunan ya bi gidan. Hausarsa rabi Fillanci ce, in ya ji haushi kuma ya ƙara da zagin Faransanci guda biyu da ya iya. Da yamma ya tasa ni gaba har gida. Matarsa, Inna Dudu, Bafulatana ce doguwa mai 'yar Hausa kaɗan. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wani abu, ta shige ɗaki. Na ɗauka ba ta yi murna da ni ba. Sai ga ta da riga da wando na babban ɗansu da ke aikin jirgin ƙasa a kudu. Tun daga ranar ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "bingel am", wato ɗana.

Jira ya yi tsawo. In na je makaranta a ce Yawunde ba ta amsa ba. In ta amsa, a ce ta tura maganar babban ofishi a Turai. Ban iya zama ina cin tuwon mutane a banza ba, sai na fara bin Baba mayanka. Na koyi ɗaukar cinya a kafaɗa, da wanke kayan ciki, da shanya kilishi a kan karan dawa. Mahauta suka sa mini suna Makiyayin Giwa. In na wuce da kan sa a kafaɗa sai wani ya ɗaga murya, "Makiyayin Giwa, wannan ma ka zo ka cece shi ne?" Rumfa ta ɗauki dariya. Da farko abin na yi mini zafi, daga baya ni ma na shiga ramawa.

Wata rana da la'asar ina juya tsire a tukuba, wani ƙaton saurayi cikin kakin makarantar ya jingine kekensa, gumi na zuba daga jikinsa kamar an watsa masa ruwa. Ya ƙura mini ido ya ce da Faransanci, "Ba kai ne ɗan Nijar ɗin nan ba?"

Sunansa Antuwan, daga Gabon. Mutumin kurmi ne, bai taɓa ganin ƙasar da za ka hango mutum tun daga nesa ba, kuma zafin Garuwa ya kusa kashe shi. Duk wuyansa ƙuraje. Ya ce tun ranar da na fita kaina a ƙasa abin ke damunsa. Ya zauna a benci ya ci tsire, yaji ya sa shi hawaye. Kafin ya tashi ya ce, "Yau an koya mana yadda ake ƙidaya dabbobi a daji. Kana so ka ji?"

Haka muka fara. Kullum in an tashi sai ya hau keke ya zo, ya zauna a bencin nan ya maimaita mini darasin ranar, ina juya nama ina saurare. Sunayen itatuwa da Latinanci a bakin tukuba na fara haddace su. Inna Dudu ta ji labarinsa ta ce a kawo mata shi. Ta dubi wuyansa ta yi tsaki, ta jiƙa masa wani ganye ya riƙa wanka, ta ɗura masa kunun tsamiya. Ba ya jin Fillanci, ba ta jin Faransanci, amma sai su zauna su yi ta hira, kowa da yarensa, suna dariya.

Antuwan ne ya kai wa dogon Bature labarin inda nake. Shi kuwa yana neman tumbin shanu da ƙoƙon kai don koya wa ɗalibai yadda cikin dabba mai tuƙa yake. Ya zo mayanka da kansa da sassafe, yana tsallake jini da dogayen ƙafafunsa. Baba ya ce a ba shi duk abin da yake so. Baturen ya dube ni ya ce, "Wani zai riƙa kawo mini kayan nan aji. Wanda ya kawo kuwa, babu dokar da ta hana shi zama a baya har a gama, don ya koma da daronsa."

Da daron tumbi a ka na fara shiga ajin da aka gayyace ni daga wata ƙasa. Ɗalibai suka toshe hanci, suka matsa mini wuri.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Ba ni cikin ɗalibai, ba zan yi jarrabawa ba, in an tafi daji da mota ni ina kasuwa. In abin ya taru mini sai in tafi bakin Binuwai in zauna, don yana kama da kogin Gaya, har dorinar da ke huci a tsakiya. Wani lokaci in ji masunta suna Zabarmanci, in matsa kusa ba don in yi magana ba, don in ji kawai. Ban aika gida da labarin halin da nake ciki ba. A can ana cewa Ilyasu na karatu a ƙasar waje.

Bayan ƙaramar salla na sami Baba a zaure na ce, "Baba, ku yi mini izini in koma gida. Na gaji da zama tsakanin mutane biyu, kowa na cewa ba nasa ba ne."

Ya daɗe yana tauna goro. Ya ce, "Su waɗannan ƙungiyoyi, mutane ne ko aljanu?"

Na ce mutane ne.

"Suna da fuska? Ana ganinsu?"

Na ce Antuwan ya gaya mini wakilansu za su zo duba makaranta tare, cikin watan nan.

"To, ka bari su zo. In sun tafi ba a yi komai ba, ni da kaina zan sa ka a mota."

Ranar da suka zo, Baba ya ƙi fita kasuwa. Ya yi wanka ya saka babbar rigarsa ta salla, ya naɗa rawani, ya fesa turare har ƙamshin nama ya ɓace. Ya sa aka naɗe kilishi mafi kyau a takarda. Mahauta biyu suka rufa masa baya, ni ina biye kamar wanda za a kai gaban alƙali. Mai gadi ya tare mu a ƙofa, sai ga Antuwan da wasu ɗalibai sun fito, suka sa mu a tsakiya suka shige da mu.

Baƙin suna tsaye a inuwa ana nuna musu motoci. Wakiliyar ƙungiyar ɗalibai wata mata ce 'yar Senegal, mai ɗaurin kallabi babba. Na ƙungiyar malamai kuwa wani Ba'indiye ne mai furfura. Baba ya yi musu sallama kamar ya shiga fada, ya miƙa kilishi, sannan ya juyo gare ni.

"Kai za ka fassara. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Na ce to.

"Gaya musu ban zo ƙara ba, tambaya na zo yi. Ni mahauci ne, ban yi boko ba. An ce mini su biyu suka haɗu suka kira yaron nan daga ƙasarsu. Ya taso. An sace shi a hanya, ya yi ciwo, arna da Musulmi sun yi jinyarsa, ya iso." Na mayar da wannan da "Kirista da Musulmi", ya harare ni kamar ya gane na canza wani abu, ya ci gaba. "Tun da ya iso yana gidana, ban gaji da shi ba, uwarsa ta gidana ma ba ta gaji ba. Amma ina so in sani, baƙon waye? In nawa ne, su faɗa mini yau, in ba shi wuƙa in yi masa aure. In nasu ne, su ba shi kujera."

Fassara maganar aurenka da bakinka a gaban manyan baƙi ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗalibai suka fashe da dariya. Matar ma ta yi dariya har ta dafa kafaɗar Ba'indiyen, sannan ta dube ni da kyau. Ta tambayi sunana. Da na faɗa sai ta riƙe baki. Ta ce a ofishinsu an ɗauka ban taɓa barin Nijar ba, suna jiran ƙungiyar malamai ta tabbatar musu da cewa ga ni a Garuwa. Ba'indiyen ya ce su kuma sun ɗauka tun da maganar ɗalibi ce, ba su da bakin sa hannu. Kowa na jiran ɗan'uwansa cikin ladabi, ni kuwa ina wanke tumbi.

Ba su shiga ofis ba. A kan murfin mota suka rubuta abin da za su rubuta, ita ta sa hannu, shi ya sa, shugaban makaranta ya sa. Sannan ta matso gaban Baba ta ɗan rusuna irin na 'ya'yan gidan mutunci, ta ce in gaya masa baƙon nasu ne, sun gode da riƙo. Baba ya ce, "Gaya mata na ba su aro ne. Ran Juma'a a gida zai ci tuwo."

Shekara biyu na yi a makarantar. Mun taka dajin Binuwai har takalma suka ƙare, mun kwana a tanti a dajin Waza, mun koyi bin sawu da auna ciyawa da rubuta rahoto. Ina kusa da Antuwan ranar da ya fara ganin raƙumin dawa, ya cire hula ya yi alamar gicciye. Shi kuma ya yi ta ba ni labarin giwayen kurmi ƙanana da birai masu girman mutum, ina ce masa ƙarya yake yi, har malami ya nuna mana hotonsu. A ɗakin kwananmu akwai ɗan Mali, da ɗan Cadi, da ɗan Ruwanda, da mutumin Madagaska da ba ya ƙoshi sai da shinkafa. Mukan yi faɗa a kan tagar da za a buɗe da tashar rediyon da za a kama, mu shirya a kan kwano.

Tuwon Juma'a kuwa, da ni kaɗai aka fara, sai Antuwan ya biyo ni, sai ɗan Mali, har ya zama Inna Dudu na ɗora babbar tukunya. Ba ta iya sunan kowa ba. Ta raɗa musu nata: Mai Gumi, Dogo, Mai Shinkafa.

Ranar da aka ba mu takardun gamawa, an jera kujeru na iyaye, alhali babu wanda iyayensa za su iya zuwa daga waɗannan ƙasashe. Sai ga Baba da mahautansa sun cika layin gaba, Inna da maƙwabtanta a baya. Da aka kira sunana ta rangaɗa guɗa, har gwamna ya waiwaya. Aka kira Antuwan, ta sake. Aka kira ɗan Ruwanda, ta sake. Haka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya har muryarta ta dushe, ba ta tsallake kowa ba. Na ga ƙaton nan Antuwan yana share fuska da hularsa.

Da safen da zan bar Garuwa, na yi sallama da Inna a tsakar gida. Ta riƙe kaina da hannu biyu ta yi ta addu'a da Fillanci, ta cusa mini ƙullin kilishi da man shanu. Baba kuwa tun asuba ya fice. Na same shi a rumfa yana sara ƙashi. Na durƙusa na ce, "Baba, zan tafi."

Bai ɗago ba. "To. Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida mutanen gida."

Na ce, "Baba, ban san da bakin da zan gode muku ba."

Ya ci gaba da sara, ƙashin da tuni ya gama rabuwa. Na tsaya ina jira ko zai dube ni. Can ya goge fuska da gefen hannun riga, ya ce da kakkausar murya, "Kai, Ilya, tashi ka tafi mana. Ka tsaya ka tare mini masu saye."

Na waiwaya. Babu kowa a bayana.